Sabon Tsiro a Tankin Kifi: Yadda Za Ka Gane Shi, Ka Tsaftace Shi, Har Ya Kama

Wanda ya fara sayen tsirran ruwa yakan ɗauka ganyen da ya burge shi a shago shi ya saya. Bayan kwana goma sai ya ga ganyen ya yi laushi, hasken fitila yana ratsa shi, ya fara zubewa. Nan take ya tuge tsiron ya jefar, yana mitar an sayar masa da ruɓaɓɓe. Sau da yawa tsiron lafiyarsa ƙalau a lokacin da aka tuge shi. Abin da ka biya kuɗinsa shi ne saiwa da gindi da idanun da za su yi toho. Ganye kuwa na wucin gadi ne.

Dalilin yana wajen reno. Gonakin da ke samar da tsirran tankin kifi galibi ba sa nutsar da su. Saiwa ce kawai ke cikin ruwa, ganye yana sama cikin iska mai laima. Hakan ya fi musu riba, domin tsiro ya fi saurin girma, gansakuka ba ta kama shi, kuma ya fi jure wahalar tafiya. A sarari ganye yana samun iskar kabon dayoksaid yadda ransa ke so, amma a cikin ruwa tafiyar wannan iska ta yi ƙasa da kusan ninki 10,000. Ganyen da ya girma a sarari yana da kauri, da wani santsi a bayansa mai hana shi bushewa, to da ya nutse sai wannan santsin ya zame masa cikas. Sai tsiron ya janye abincin da ya tara a tsohon ganye, ya bar shi ya mutu, ya fitar da sabo siriri wanda ya dace da zaman ruwa. Wannan shi ake kira narkewa, kuma duk abin da za a faɗa a ƙasa a kansa ya ginu.

Da farko, me ka sayo?

Kada ka jefar da ɗan allon da aka rubuta suna a kai. Sunan kimiyya ne zai kai ka ga sanin hasken da tsiron ke buƙata da tsawon da zai kai. In babu allo, ɗauki hotonsa tun kafin ka taɓa shi. Sai dai kwatanta ganye da hotunan intanet yana yaudara, saboda hotunan galibi na tsiron da ya zauna a ruwa ne, naka kuwa yanzu ya sauko daga iska. Rotala rotundifolia tana zuwa da ganye ƙanana zagayayyu, a ruwa sai su koma sirara dogaye, har su yi ja-ja. Hygrophila difformis tana zuwa da ganye mai faɗi mai 'yan haƙora a gefe, a ruwa sai ya tsattsage, ka rantse wani tsiro ne daban. Echinodorus yana zuwa da gajeren ganye mai faɗi a kan dogon tsinke, daga baya ya koma dogo mai tsini. Saboda haka a bar ganye tukuna, a dubi gindi. Gindi ba ya canza kama.

Amma kafin gindi akwai tambayar da ta fi muhimmanci: shin tsiron ruwa ne ma? Ana yawan sayar da tsirran tudu a nutse cikin tanki saboda kyansu. Daga cikinsu akwai Dracaena mai ratsin fari, da Ophiopogon mai kama da ciyawa mai tauri, da Spathiphyllum, da Fittonia mai jijiyoyi farare ko ja, da Hemigraphis wanda bayan ganyensa shunayya ne. Waɗannan sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna tsaye kamar suna raye, sannan su ruɓe su ɓata ruwan. Babu dabarar da za ta sa su saba. Alamarsu galibi ita ce ratsin fari ko rawaya a ganye, da tauri irin na furen ɗaki, da tsayawa ƙyam idan an fito da su daga ruwa. Kada dai ka yanke hukunci da tauri kaɗai, domin Anubias ma tana da tauri, ita kuwa ta ruwa ce ta gaske. In ka riga ka sayi na tudu, ba asara ba ce gaba ɗaya. Dracaena da Spathiphyllum suna rayuwa idan saiwarsu na cikin tanki, ganyensu na waje.

To, gindi. In ka ga kwantaccen kara mai kauri, kore, ganye na fita ta samansa, saiwoyi ta ƙasansa, kamar yadda citta ke kwanciya, to kana riƙe da Anubias, ko Microsorum wanda aka fi sani da sunan tsibirin Java, ko Bucephalandra ta tsibirin Borneo. Anubias, wadda asalinta daga yammaci da tsakiyar Afirka ne, ganyenta mai kauri ne mai duhun kore. Microsorum ganyensa dogo ne mai ɗan kaushi, kuma a bayansa za ka iya ganin ɗige-ɗige masu launin ƙasa-ƙasa a jere. Ba cuta ba ce, wurin irinsa ne. Su ukun nan ba a binne su, a kan dutse ko itace suke zama.

In ganyen duka suna fitowa daga wuri ɗaya a ƙasa, saiwoyi masu yawa na sauka daga nan, to Echinodorus ne, ko Cryptocoryne, ko Vallisneria mai ganye dogo siriri kamar ƙyalle. Waɗannan ta saiwa suke ci, kuma su ne suka fi damuwa da irin ƙasar da ke tankin.

In doguwar sanda ce mai gaɓoɓi, ganye na fita a kowace gaɓa, an ɗaure da yawa wuri guda, to cikin su Rotala, Ludwigia, Hygrophila, Bacopa da Egeria ne. Kada rashin saiwa ya dame ka, yanko su aka yi, kuma kowace gaɓa tana iya fitar da saiwa. Ceratophyllum shi ne na daban a cikinsu: ba ya yin saiwa ko kaɗan, in ka binne gindinsa ruɓewa zai yi.

Saura masu dunƙulen gindi, irin Aponogeton da badon tanki mai jan ganye, sai masu yawo a saman ruwa irin kainuwa da Salvinia da Limnobium, sai mos, wanda curin zare-zare ne kore marar saiwa. Waɗannan da gani an gane su.

Kwance kaya

Tsiro ba kifi ba ne, ba ya buƙatar a riƙa ɗiga masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan na sa'a guda. Zafi kawai za ka kula da shi. In ledar ta yi sanyi ko ta yi zafi a hanya, ɗora ta a saman ruwa minti 15 zuwa 20 kafin ka buɗe. Yawancin tsirran da ake sayarwa suna jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan cikin ledar kuwa kada ya shiga tankinka.

Tanadi roba mai faɗi da ruwan da ba sanyi ba zafi, da almakashi mai kaifi, da dogon hantsaki. Duk aikin a cikin ruwa za ka yi shi, ko ka riƙa fesa wa ganye ruwa, domin siraran ganye cikin 'yan mintuna suke bushewa, kuma wanda ya bushe ba ya dawowa.

Wanda ya zo a ɗan kwandon roba, yanke kwandon. Za ka tarar da saiwa cikin wani abu mai kama da auduga, wanda da narkakken dutse ake yin sa. Tsaga shi biyu, ka tsince ragowar da hantsaki a hankali. Yana riƙe da takin gona, kuma yana takura saiwa, don haka a cire iya abin da za a iya, amma ba sai an tsinke saiwoyi wajen neman zare na ƙarshe ba. Sau da yawa kwando ɗaya tsiro uku ne ko huɗu a cunkushe, sai ka raba su. Wanda aka ɗaure da dalma da soso, kwance shi gaba ɗaya. Ƙarƙashin ɗaurin nan ne ruɓa ke farawa, sai ka datse wurin da ya yi baƙi ko ya dame har ka kai ga kara mai ƙarfi.

Yanzu duba lafiya, da hannu da hanci. Saiwa mai rai fara ce mai ƙarfi, matacciya launin ƙasa ce, tana dagargajewa tsakanin yatsu. Matsa kwantaccen karan Anubias, ka matsa dunƙulen Aponogeton. In sun yi tauri, madalla. In wuri ya loɓa yana wari, yanke shi har sai ka ga nama mai tsabta, in kuwa duk ya loɓa, mayar wa mai shi. Cire ganyen da ya yage, ko ya yi rawaya, ko gansakuka ta rufe. Saiwoyi masu tsawo a rage su zuwa santimita 2 ko 3. Mutane suna jin tsoron wannan yankan, alhali doguwar saiwa idan aka cusa ta a ƙasa lanƙwashewa take yi ta ruɓe, gajera kuma ta yi rassa da wuri.

Akwai kuma wanda ake sayarwa a rufaffen kofi, an rene shi a ɗakin gwaji a kan wani abu mai kama da jeli. Shi ba ya ɗauke da ƙwaro ko gansakuka ko maganin feshi. Wanke jelin tas, domin akwai sukari a cikinsa da ke jawo ruɓa, ka raba curin gida shida ko takwas, ka dasa a ranar da ka buɗe. Mataki na gaba bai shafe shi ba.

Baƙin da suka biyo tsiro

Juya kowane ganye ka duba bayansa a gaban haske. Ɗan curi mai yauƙi, garai-garai, da ɗigo ƙanana a ciki, ƙwan dodon koɗi ne, a kankare shi da farce. Ban ɗauki dodon koɗi a matsayin abokin gaba ba, ragowar abinci da mataccen ganye yake ci, kuma yawansa alama ce ta cewa ana zuba wa kifi abinci fiye da kima. Waɗanda suka fi shi haɗari ba a cika ganinsu ba: tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi, da hayidira, wata 'yar halittar ruwa mai hannuwa kamar zare, da wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai kai kamar kibiya da ke damun jatan lande, da ƙwayoyin cutar farin ɗigo idan tsiron ya fito daga tankin da ke da kifi.

Hanya mafi aminci ita ce keɓewa. Bokiti ko ƙaramin tanki marar kifi, ruwan da aka kashe wa kulorin, fitila ta sa'a 6 a rana, mako 2 zuwa 4. Ƙwai za su ƙyanƙyashe ka gan su, ƙwayar farin ɗigo kuma ba ta rayuwa idan ba ta sami kifi ba. Mai kiwon jatan lande ba shi da zaɓi a nan. Wasu gonaki suna fesa maganin ƙwari, wanda ragowarsa ba ta taɓa kifi amma tana iya kashe jatan lande cikin dare ɗaya. Shi sai ya riƙa canza ruwan bokitin kullum a makon farko.

In ba za ka iya jira ba, sai tsomawa a magani. Alif ya fi sauƙi a kan tsiro: babban cokali 1 a lita 4 na ruwa, a bar tsiron ciki kwana 2 zuwa 3, a ɗauraye. Yana kashe dodon koɗi da ƙwansa, amma ba ya yin wani abin kirki a kan gansakuka. Bilic na wanki ya fi ƙarfi, ya fi kuma haɗari. A sami wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba, kashi 1 a cikin kashi 19 na ruwa. Masu taurin ganye irin Anubias da Microsorum kada su wuce minti 2, da agogo a hannu, ba da ƙiyasi ba, kuma gara a riƙe saiwa a waje. Daga nan a ɗauraye sosai, a jiƙa su a ruwan da aka ninka wa maganin kashe kulorin, har sai hanci bai ji warin bilic ba. Vallisneria, Cryptocoryne, Ceratophyllum, mos da duk mai lallausan ganye, kada bilic ya taɓa su. Sa safar hannu, buɗe taga, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadari ko wane iri ne. A ganina tsiron da ya sha tafiya ya riga ya galabaita, bilic ƙari ne a kan wahala, sai dai idan ka ga gansakuka mai baƙin gashi a gefen ganye da idonka.

Abin da ka yanke da ruwan da ka wanke, kada su bi magudana zuwa rafi ko tafki. Shanya tarkacen ya bushe ka sa a shara. Hydrilla, wata ciyawar ruwa, ta shiga ruwayen jihar Florida ta Amurka a shekarun 1950 ta hanyar cinikin tsirran tanki, har yau ana fama da ita.

Dasawa

Tun kafin hannunka ya shiga ruwa, yanke shawarar inda kowanne zai zauna, domin wurin da ka sa shi nan zai kwana har ya kama. Dogaye a baya, gajeru a gaba, masu son inuwa irin Anubias a ƙarƙashin itace ko nesa da tsakiyar fitila. Rage ruwan tankin zuwa rabi, aikin ya fi sauƙi. Ƙasa ko yashin ya kai zurfin santimita 5 zuwa 7 a inda masu saiwa za su zauna.

Masu kwantaccen kara a ɗaure su a dutse ko itace da zaren auduga, wanda zai ruɓe da kansa bayan saiwa ta kama, ko a ɗiga ɗan gam mai kamawa nan take, irin mai kauri, a wuri ɗaya ko biyu. Saiwoyinsu na iya shiga ƙasa, amma karan kansa ya zauna a fili ruwa na wucewa ta kansa. Binne karan nan shi ne kuskuren da ya fi kashe Anubias, kuma a hankali yake kashewa, har mutum ya kasa gane daga ina abin ya fito.

Masu fitowa daga wuri ɗaya, cusa su da ɗan zurfi, sannan ka ɗan ja su sama kaɗan. Wannan jan yana miƙar da saiwoyi ƙasa, yana kuma fito da wuyan tsiron, wato mahaɗar ganye da saiwa, daidai saman ƙasa. In tsakuwa ce ko yashi zalla a tankin, tura ƙwayar takin saiwa ƙarƙashinsu. Echinodorus babban maci ne, kuma zai yi faɗi fiye da yadda kake zato, ka bar masa fili.

Masu sanda, tsige ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa, kama gindin da hantsaki, tura shi santimita 3 zuwa 5, ka zare hantsakin a karkace. Ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kamar santimita 2. Dasa su a dunƙule ya fi sauri, amma na tsakiya ba za su sami haske ba. Dunƙulen gindi a binne rabinsa kawai, wajen tohon yana sama. Mos a shimfiɗa shi siriri a ɗaure, in ya yi kauri na ƙasa zai mutu. Masu yawo a sama a ajiye su inda ruwan matata ba ya dukansu, kuma kada su rufe fiye da rabin fuskar ruwa.

In da safe ka tarar wasu sun taso, ba komai, mayar da su ka tokare da 'yan duwatsu. Kifin zinariya da manyan kifayen sikilid suna tono, da su a tanki gara ka tsaya kan waɗanda ake ɗaurewa.

Watan farko

A nan ne son tsiro ke kashe tsiro. Mutum ya ga ganye na mutuwa, sai ya ƙara haske, ya ƙara taki, ya canza wuri, kuma ukun duka suna ƙara dagula lamarin. Tsiron da bai kama ba ba ya iya amfani da haske mai yawa, gansakuka ce za ta amfana. Sa'a 6 a rana ta isa, a lokaci guda kullum, kuma na'urar kunna fitila da kashewa da kanta ta fi ƙwaƙwalwar kowa. Rana kada ta faɗa kan gilashin kai tsaye. Takin ruwa a fara da rabin abin da aka rubuta a kwalba. Canza kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan duk mako, in kuma sabuwar ƙasar tanki ce mai taki a jikinta, sau biyu ko uku a mako a farko, saboda tana sakin amoniya. Maganin nan na kwalba da ake sayarwa a madadin iskar kabon yana narkar da Vallisneria da Egeria, a yi hattara da shi.

Ganyen da ya narke a yanke shi daga tushe a tsame, kada ya ruɓe a ciki. Wanda yake da sauran kore a bar shi, har yanzu yana ciyar da saiwa. Cryptocoryne ita ce gwanar ba da tsoro. Tana iya zubar da ganyenta kaf cikin kwana biyu ko uku, wurin ya zama fili fetal. Kafa ɗan tsinke a wurin don kada ka manta ka dasa wani abu a kai, ka ƙyale ta. Muddin gindin da ƙarfinsa, cikin 'yan makonni za ka ga tsinin sabon ganye. Kuma duk lokacin da ka tuge ta don ka duba ko saiwa ta fito, ka mayar da ita baya ne, kamar ranar farko.

Sabon toho shi ne ma'auni, ba tsohon ganye ba. Masu sanda sukan nuna shi cikin mako guda, a kan tsininsu. Anubias kuwa ganye ɗaya a makonni, haka halinta yake, ba ciwo ba ne. Idan sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ake fara zargi. Idan bayan tsiron ya kama, tsofaffin ganye suka ci gaba da yin rawaya daga ƙasa, naitirojin ya yi kaɗan. Ƙananan huji a tsohon ganye sukan nuna ƙarancin fotashiyam. Sanda mai dogayen gaɓoɓi, tana miƙewa sama tana zubar da ganyen ƙasa, haske take nema. Ƙura mai launin ƙasa a kan ganye da gilashi kuwa al'adar sabon tanki ce, goge ta da yatsa, takan wuce da kanta. Ko me ka gani, abu ɗaya za ka gyara, ka jira mako biyu kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Wajen mako na huɗu zuwa na shida, masu sanda za su zama gida biyu: ƙasa tsohon kara mai ganyen iska da ya tsufa, sama sabon toho na ruwa. Yanke saman da tsawon kamar santimita 10, ka dasa shi a matsayin sabon tsiro. Tsohon gindin in ka bar shi zai yi rassa, in ya yi muni ka cire. Daga nan ne za ka fara ƙara haske, rabin sa'a duk mako har ka kai sa'a 8, takin ma ka kai shi cikakken awo. In gansakuka ta ɓullo a hanya, koma inda kake a makon da ya wuce ka ƙara mako biyu a nan.